Farin Kwabo Daga Duza

Ran da muka komo daga hutun damina, wani ɗan'uwanmu mutumin ƙasar Anka ya zo da wani ɗan gwangwani ƙulle cikin tsumma. Ya ce kakarsa ce ta ba shi a garinsu Duza, wai ya kai wa malamansa su duba mata wani kwabo da ya rikiɗa. Da aka zazzage gwangwanin bisa tebur, sai ga kuɗi iri iri, na zamanin Turawa da na bayansu. Galibinsu sun yi irin launin da kowa ya saba gani ga tsohon kuɗi. Amma a cikinsu akwai kwabo ɗaya na 1973, irin mai hoton rijiyoyin mai, wanda kowa ya sani ja ne, ga shi kuwa rabin fuskarsa ta yi fari kamar sule. Ya ce mutanen gidansu sun kasu a kansa. Waɗansu sun ce da ma azurfa ce aka shafe da jan ƙarfe, yanzu shafen ya goge, har wani maƙwabci ya taya. Waɗansu sun ce jabu ne. Tsohuwa kuwa ba ta yarda da ko ɗaya ba. Ta ce kwabon nan mijinta ya ba ta shi shekarar da aka sake kuɗi, tun daga ran nan tana goge shi da tsamiya lokaci lokaci, ja wur ta san shi. Abin da ta ke so ta sani shi ne, me ya taɓa shi?

To, 'yan'uwa, mako biyu muka yi muna bin sawun tambayar nan, muka ga ya kamata mu rubuta yadda muka yi, domin galibinmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa, malamin makaranta kuwa shi a kan kawo wa irin wannan abu.

Abu na fari da malaminmu na kimiyya ya kafa mana shi ne, launin da ke bisa kuɗi ba ya zuwa haka kawai. Haɗuwar abu biyu ce, watau ƙarfen da aka buga kuɗin da shi, da abin da ya taɓa ƙarfen. Saboda haka wanda ya ke so ya gane dalili sai ya fara sanin ƙarfen, sa'an nan ya dubi launin da yadda ya kwanta, kana ya tambayi inda kuɗin ya zauna. Wanda ya tsallake ta fari ya faɗa ta biyu, duba ya ke yi irin na 'yan tsibbu.

Sanin ƙarfen kuwa ba shi da wuya ga wanda ya san shekarun kuɗin ƙasarmu, gama ko wane kuɗi yana ɗauke da shekararsa a jikinsa. Kwabo da anini masu huji a tsakiya an fara buga su a 1907. Aninin farko da sanholo aka yi shi, yana kuwa cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai yi ƙarko ba, laima da gumi suka riƙa cin sa, sai a 1908 aka koma buga shi da farin gami na jan ƙarfe da nikel, irin na kwabo. Kun gani ke nan, tun shekarar farko aka san ƙasarmu tana faɗa da ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, mutane kuma suna narkar da kuɗin suna ƙera mundaye, sai a 1920 aka daina, aka koma wa tagulla mai ruwan ɗorawa. Tagullar nan ta yi wa masu jabu sauƙin kwaikwayo ƙwarai, har an ce kalmar jabu kanta daga sunan ƙasar Ijabu ta fito. Domin haka a 1938 aka sake gamin, aka kuma tsaga wata 'yar kwari kewaye da bakin sule da fataka, wadda mai zubi a gida ba ya iya fitarwa sosai. A 1952 kwabo ya tashi daga fari ya koma ja. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗinsa a 1959, da jan kwabo mai huji da farin sule. Ran 1 ga Janairu 1973 aka shigo da naira, sisin kwabo da kwabo ɗaya ja, kwabo 5 da 10 da 25 farare. Daga 1991 kuwa aka bar gami, aka koma baƙin ƙarfe ana yi masa shafe na jan ƙarfe ko na nikel. A 2007 aka fitar da kwabo 50 da naira 1 da naira 2, amma tsadar kaya ta riga ta wuce su, ba su daɗe a hannun mutane ba. Yanzu a kasuwanninmu da wuya ka ga mai karɓar kuɗin ƙarfe, sai ka tsallaka Nijar, inda dala da sauran kuɗin sefa na ƙarfe ke yawo har yau. Namu sun koma gwangwanaye da asusu da kitson matan Filani.

Da muka jera kuɗin tsohuwa bisa shekarunsu, sai aikin ya fara sauƙi. Kwabban 1959 sun yi baƙi-baƙi kamar hanta. Wannan ba abin mamaki ba ne. Jan ƙarfe in ya sha iska da maiƙon hannu ya kan yi wata fata siririya, ta fara da ja mai duhu, ta ƙare da baƙi. Fatar nan ma kāriya ce gare shi, don tana tsare abin da ke ƙarƙashinta. Biyu daga cikinsu suna da kore a cikin hujinsu da tsakanin haruffa. Kore kuwa iri biyu ne, ya kamata a rarrabe su. Akwai mai tauri, sumul, wanda ba ya fita da farce, shi ne wanda laima da iska ke yi a hankali, irin wanda ya rufe babban gunkin nan na bakin teku a New York, da aka kafa a 1886 da launin jan ƙarfe, kafin shekara 30 ya zama kore shar. Akwai kuma mai gari-gari, mai haske, wanda ke zuba in an taɓa. Wannan na gishiri ne, ko na gumi ko na ƙasar da kuɗin ya kwanta a ciki, shi kuwa ci ya ke yi, yana huda rami, in an kankare shi aka bar kuɗin cikin laima sai ya sake tsirowa. Na tsohuwa irin na biyu ne. Muka tambaya, ashe shekarun baya a bakin zane ta kan ƙulle su.

Naira ɗaya ta 1991, mai hoton Herbert Macaulay, ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa a gefe. Da muka kusanto da mayen ƙarfe sai ta yi tsalle ta manne. Magana ta ƙare, shafen nikel ne ya ƙuje, ruwa ya sami baƙin ƙarfen da ke ciki.

Wanda ya ɗan ba mu wuya shi ne kwabo 25 na 1973, mai hoton dalar gyaɗa. An buga shi fari, ga shi ya koma ja kamar ƙasar jigawa, fuskarsa duk ta yi kaushi. Wani daga cikinmu ya ce ai wannan da farin kwabon nan musanya launi suka yi, aka yi dariya. Gaskiyar abin ita ce, farin kuɗin nan da mu ke gani kashi 75 cikin 100 jan ƙarfe ne, nikel kashi 25 ne kaɗai, amma nikel ɗin ya rinjayi launi. In kuɗin ya daɗe binne cikin ƙasa mai ɗan tsami da laima, sai fuskarsa ta ciwu, launin jan ƙarfe ya bayyana a sama. Da aka bincika, a gona aka tsince shi wajen huɗa. Haka kuma sulen 1938 mai ruwan ɗorawa, in tsami ya janye tutiyar da ke fuskarsa, sai ya bar jaja-jaja.

Akwai kuma dala ɗaya babba ta azurfa, mai hoton sarauniyar nan ta Ostiriya, Mariya Tereza, an yi mata kunne don ratayawa. A jikinta an rubuta 1780, amma kada wannan ya ruɗe ku, gama duk wadda aka buga bayan mutuwar sarauniyar shekarar nan a kan sa mata, ko da bayan shekara ɗari ne. Fatake suka kawo irinta ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Nauyinta giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa. Ta yi baƙi, gefenta kuma yana walƙiyar shuɗi da shunayya. Azurfa ba ta tsatsa, abokin gabarta farar wuta ce, wadda kaɗan daga cikinta ke tashi daga ƙwai da albasa da roba da jemammiyar fata da hayaƙi. Tana haɗuwa da azurfa sai su yi fata. In fatar ta yi siriri ƙwarai sai ta yi rawaya, in ta ƙara kauri ta yi shunayya, sa'an nan shuɗi, daga ƙarshe baƙi. Launukan nan ba fenti ba ne, wasan haske ne bisa siririyar fata, kamar wanda ku ke gani in mai ya zuba bisa ruwa. Masu tara tsofaffin kuɗi a Turai da Amurka su kan biya ƙari saboda irin wannan launi, su kan kuma rage wa kuɗin da aka goge daraja. Mu a nan da toka mu ke dirje shi don ya yi kyau.

Duk waɗannan, in kun lura, hanya ɗaya suka bi. Ƙarfe mai haske ya dushe, ya yi duhu, ko ya yi kore, ko ya yi ja. Iska da ruwa da gishiri ba su taɓa mai da jan ƙarfe fari mai sheƙi ba. Saboda haka farin kwabon nan dabam ya ke, lalle wani farin ƙarfe ne ya hau kansa. Wane ne?

Muka fara da maganar masu cewa azurfa ce a ciki. Tun 1920 ba a ƙara buga wa ƙasar nan kuɗin kashewa na azurfa ba, balle kwabo. Ban da wannan, wa zai rufe azurfa da jan ƙarfe? Mai zamba arha ya ke rufewa da tsada. Amma don kada a ce mun yanke hukunci da baki, muka ɗora shi bisa ma'auni, muka ɗora wani kwabon 1973 a ɗaya gefen. Azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi, in girmansu ɗaya za ta ɗara shi da wajen kashi ɗaya cikin shida. Ma'auni bai karkata ba. Wannan awo kuma shi ya kashe maganar jabu, don kuɗin jabu na da galibi da darma da kuza a kan zuba su, darma kuwa ta fi azurfa ma nauyi, tana lanƙwasuwa, tana zana baƙi bisa takarda, in an jefa ta bisa dutse ba ta ƙara sai ɗif. Namu ya yi ƙara rau kamar ɗan'uwansa. Da muka sa madubin ƙara girma, sai ga wata tsohuwar tsaga a gefensa, cikinta ja. Ashe dai kwabo ne na gaskiya, farin a sama kaɗai ya ke.

Saura farin ƙarfe uku da a kan iya shafa wa jan ƙarfe ba da injin masana'anta ba. Na fari kuza, ko darmar masu liƙin tukwane. Wannan sai da wuta, tana kuma barin kauri, tana cike ramukan haruffa. Haruffan namu kuwa tsaf su ke, ko ɗigo bai toshe ba. Na biyu tutiya. Akwai wani wasa da a kan yi a ɗakin gwaji na makarantu, a dafa jan kwabo cikin ruwan soda mai ƙarfi tare da garin tutiya, ya fito fari fat. Amma wanda aka dafa ko'ina ya ke yin fari, gaba da baya da gefe. Namu rabin fuska ɗaya ne kawai, madubi kuma ya nuna farin ya bi layi-layi masu lanƙwasa, kamar sawun yatsa in an shafa wa ƙwarya mai. Watau da hannu aka goga shi, a sanyi. Cikin ukun nan, farin ƙarfen da a ke gogawa da yatsa a sanyi kuwa shi ne zaiba.

Zaiba ƙarfe ce, amma narkakkiya ta ke ko cikin sanyin hunturu. Ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi, har dunƙulen darma ya kan yi iyo a kanta. Halinta shi ne tana shan waɗansu ƙarafa kamar yadda ruwa ke shan gishiri. Tana shan zinariya da azurfa da kuza da darma, tana kama jan ƙarfe in fuskarsa a goge ta ke. Baƙin ƙarfe kuwa ba ta kama shi, don haka cikin tuluna na baƙin ƙarfe a ke fataucinta, ko wane tulu kilo 34 da rabi. Da muka san wannan, sai sauran alamu suka riƙa faɗowa da kansu. Me ya sa kwabon nan kaɗai ya yi fari, kwabban 1959 ba su yi ba? Don shi ne tsohuwa ke gogewa da tsamiya, ba shi da baƙar fatar da za ta tsare shi. Muka juya dalar azurfa, sai ga wani tabo toka-toka a bayanta, wanda da muka ɗauka datti ne. Nairar 1991 da ke kwance tare da su ba abin da ya same ta. Muka leƙa cikin gwangwanin, wanda shi ma baƙin ƙarfe ne da shafen kuza, sai ga gindinsa ya yi dabbare-dabbare inda shafen ya ciwu. Ɗan'uwanmu kuma ya tuna, ya ce sa'ad da aka fara nuna masa kwabon yana ƙyalli kamar madubi, yanzu ne ya dusashe. Haka zaiba ta ke yi, sashenta yana nutsewa cikin ƙarfen, sashe yana bin iska.

Nan wani daga cikinmu, wanda ya fi mu karatu, ya ce akwai gwaji ɗaya da zai raba gardama. A ɗora kwabon bisa wuta. In tutiya ce, za ta gauraya da jan ƙarfe ya fito rawaya kamar zinariya, in zaiba ce, za ta tashi ya koma ja. Maganarsa daidai ce a ilmi. Malam ya ce, "Haka ne, amma in ta tashi ina za ta?" Ya hana. Ya sa aka buɗe tagogi, ya sa duk wanda ya taɓa kuɗin ya wanke hannu da sabulu, aka zuba kwabon da dalar da gwangwanin cikin kwalba mai murfi, aka ɗaure. A ganinmu wannan hani ya fi gwajin amfani, ko da ya ke a ranar waɗansunmu sun yi gunaguni.

Ɗan'uwanmu ya buga waya gida ya tambaya, ko akwai zaiba a gidan? Aka ce akwai. Wansa yana aikin wankin zinariya, ya kan ajiye 'yar kwalbar zaibarsa a ɗakin tsohuwa don can ne ba a shiga barkatai, ran nan ya jefa ta cikin gwangwanin, murfinta kuwa bai kamu ba. Da aka matsa wa yaran gida, wani ɗan shekara bakwai ya ce shi ya ga wani ɗan ƙwallo mai ƙyalli yana gudu a gindin gwangwani, ya yi ta ƙoƙarin kama shi ya kāsa, sai ya danne shi da kwabo ya murza.

Wanda bai san ƙasar ba zai yi mamakin zaiba a ɗakin tsohuwa a ƙauye. Amma a ƙasar Anka da Bukkuyum, har zuwa wajen Gummi, zinariya na cikin duwatsu. A 2001 ozar zinariya ba ta kai dalar Amurka 300 ba, a 2010 ta wuce 1,200, sai manoma da yawa suka ɗauki diga. A haƙo dutse, a farfasa shi da guduma, a niƙa, a wanke garin, abin da ya kwanta a zuba masa zaiba a cuɗa da hannu cikin kwano. Zaiba ta tsince ƙurar zinariya, a tace ta cikin ƙyalle a matse, a sami ɗan curi fari. Sa'an nan a ƙona curin, zaiba ta tashi, zinariya ta saura. Watau gwajin da Malam ya hana mu yi sau ɗaya, shi mai wankin zinariya ke yi kullum, fuskarsa bisa wutar.

Zaiba tana tafasa a zafi digiri 357, amma ba ta jiran wuta, ko a ajiye ta ke tana tashi kaɗan kaɗan, zafin bazara kuwa yana ƙara mata sauri. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari. Abin da mutum ya shaƙa, kamar kashi 80 cikin 100 yana wucewa daga huhu zuwa jini, ya tafi ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamunta su ne rawar hannu, da kumburin dasashi, da dalalar miyau, da saurin fushi, da mantuwa, da rashin barci. Ta fi yi wa yara da mata masu ciki ɓarna. A Ingila ta da, masu yin huluna da gashin zomo suna aiki da ita, har haukarsu ta zama abin misali. A Minamata ta ƙasar Japan, a 1956 aka gane wata cuta da ta shanye mutane ta kashe da yawa, ashe zaiba ce daga wata masana'anta ta shiga teku, ta taru cikin kifi. Da sunan garin nan aka kira yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 don rage aiki da zaiba, ta fara aiki a 2017, Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da sulusin zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska daga ƙananan masu wankin zinariya ta ke fitowa. Akwai kuwa dabara mai arha, wata 'yar tukunyar ƙarfe rufaffiya mai bututu, a ƙona curin a ciki, tururin ya bi bututu ya huce cikin ruwa, zaiba ta komo a sake aiki da ita. Maƙerin ƙauye yana iya ƙera ta. Mai ita ya tsare huhunsa, ya kuma rage sayen zaiba.

Amma ba za mu ambaci Duza mu tsaya ga zaiba ba, gama abin da ya sa sunan garin ya shiga littattafan likitocin duniya wani ƙarfe ne dabam. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suna zagayen neman sanƙarau a ƙasar Zamfara, sai suka tarad da yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu kome. Da aka auna jininsu sai aka ga darma ce. Dutsen zinariyar da a ke haƙowa cike ya ke da darma, a kan kuma kawo shi cikin gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. A watan Mayu masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma, suka ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimlar waɗanda suka rasu a yankin an ƙiyasta ta kai 400. Daga Yuni 2010 zuwa Maris 2011 aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai, su ne Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata. Dubban yara aka ba maganin da ke janye darma daga jini. A 2015 irin wannan ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Abin da ya sa muka kawo wannan cikin darasin launin kuɗi shi ne, duk dabarar da muka koya muku a sama ba ta kama darma. Zaiba ta bar sawu bisa kwabo, har tsohuwa ta gani ta yi tambaya. Ƙurar darma kuwa in ta kwanta bisa kuɗi ba ta sauya masa launi ko kaɗan, ƙura ce kamar ko wace ƙura. Ido ba ya rarrabe tsakar gida mai guba da marar guba. Masanan da suka yi aikin nan da wata 'yar na'ura suka yi, wadda a kan kafa bakinta bisa ƙasa ta harba haske, cikin minti ɗaya ta faɗi irin ƙarafan da ke ciki da yawansu. Da muna da irinta a kwalejin nan, da ta ba mu amsar farin kwabon nan tun ran farko ba tare da an kankare shi ba. A Amurka a lokacin, ƙasar da yara ke wasa a kanta in darmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan an ce ta ɓaci. A waɗansu wuraren niƙa na Zamfara an sami fiye da kashi 100,000. Mu ƙara da cewa dutsen tozalin nan mai ƙyalli da a ke niƙawa a sa wa jarirai a ido, shi ma darma ce haɗe da farar wuta.

Saboda haka kuɗin da ya fito daga gidan da a ke aikin dutse, ko launinsa ya sauya ko bai sauya ba, kada a bar yaro ya sa shi a baka, kada a cije shi don gwaji kamar yadda 'yan kasuwar da ke yi, kada kuma a ɗaura wa jariri shi a cibi. In zaiba ta zube a ɗaki, kada a share ta da tsintsiya, don tsintsiya farfasa ta ta ke yi ta warwatsa, tururi ya ƙaru. A fitar da yara, a buɗe ƙofa, a tattara ta da takarda mai kauri, a zuba cikin kwalba da ɗan ruwa a kanta, a toshe sosai, a ajiye nesa da ɗakin kwana. Mai zobe na zinariya ko na azurfa ya cire kafin ya taɓa, in ba haka ba zoben ma zai yi fari.

Saƙon da muka aika wa tsohuwa ke nan ta bakin jikanta, muka ƙara da cewa a kai yaron nan asibitin Anka a duba shi, a kuma fitar da tabarmar da gwangwanin ya zauna a kanta. Sauran kuɗinta mun wanke su da ruwa da sabulu, mun shanya, mun naɗe ko wane cikin takardarsa, masu koren gishiri kuwa mun ware su dabam. Ta aiko tana tambayar kwabonta, ko zai koma ja? Muka ce a gaya mata farin zai yi ta dusashewa, amma wurin ba zai koma sumul kamar da ba. Kwabon da dalar suna nan cikin kwalbarsu a kabad na ɗakin gwaji, an manna musu takarda da kwanan wata. Wanda ya ke so ya gani sai ya nemi Malam ran Alhamis bayan la'asar, ya duba ta bayan gilashi, ba a buɗe murfin.